Zaƙi Ba Tare Da Sukari Ba: Ribarsa Da Asararsa A Nasarawar Burkullu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Nasarawar Burkullu da bazara, sa'ad da rana ta take tsaka, ya san irin ƙishirwar da ke kama mutum a wurin. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, tsakanin Anka da Gummi a yammacin Jihar Zamfara, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40. A irin wannan lokaci ba abin da ke tashi kamar kayan sanyi: zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da lamurje, waɗansu a ƙulle cikin leda, waɗansu a cikin robobin lemo da aka wanke, 'yan mata na ɗauke da su a bokiti suna ratsa rumfuna. Mai saye ya miƙa kuɗinsa, ya huda leda da haƙori, ya zuƙe. Idan zaƙi ya ratsa shi sai ya ce kunu ya yi. Ba safai yakan tsaya ya tambayi abin da ya kawo zaƙin ba.

Tambayar kuwa tana da muhimmanci. Tun da farashin sukari ya yi tashin gwauron zabo, musamman bayan faɗuwar darajar naira a 2023 da 2024, masu sana'ar kayan zaƙi da yawa a kasuwannin ƙasar nan sun koma ga wani farin gari mai kama da gishiri, wanda ake kira sakarin. Ana samunsa ƙulli-ƙulli a wajen masu kayan haɗin lemo, ba suna, ba takarda, ba bayanin yawan da za a zuba. Cokalin shayi ɗaya nasa ya fi kilo guda na sukari zaƙi, saboda haka matar da ke dama kunu a cikin gida, wadda jarinta bai taka kara ya karya ba, ba ta bukatar wanda zai yi mata lissafi. Abin mamaki shi ne, wannan sinadari dai da 'yan'uwansa su ne ake matsewa a yi 'yan ƙananan ƙwayoyi, a zuba a gwangwani mai kyau, a jera a manyan kantunan magani na Gusau da Sakkwato, inda ma'aikaci mai tumbi zai saya da tsada don ya rage ƙiba. Watau abu ɗaya ne mutum biyu ke sha. Ɗaya ya sani, yana kuma sa ran amfani; ɗayan bai sani ba, alhali shi ne ya fi bukatar abin da aka cire masa.

A da, a ƙasar Zamfara kamar sauran ƙasar Hausa, ƙiba ado ce kuma shaidar wadata. Idan aka ce magidanci ya ajiye tumbi, yabo ne. Idan amarya ta yi 'yan watanni a ɗakinta ba ta murje ba, sai dangi su soma tambayar ko lafiya. Har yanzu ma akwai matan da ke sayen ƙwayoyin nan da ake wa laƙabi da "sha ka fashe" don su yi jiki, waɗanda da yawansu ke ɗauke da deksametazon, maganin da ke tara ruwa a jiki ya kuma tayar da hawan jini da ciwon sukari. Amma ra'ayi ya soma juyawa a tsakanin 'yan boko. Malamin makaranta ko akawun ƙaramar hukuma, wanda ubansa ya ƙare rayuwarsa tsakanin tudu da fadama, shi yanzu daga kujera sai babur, daga babur sai tabarmar hira. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin, domin gonakin da ke nesa da gari, waɗanda ma'aikaci kan taka ya je ran Asabar da Lahadi, da yawansu sun gagara zuwa. Ran nan sai a auna shi a asibiti a ce jininsa ya hau, ko sukarinsa, a umurce shi ya rage nauyi. 'Yan mata ɗalibai kuma da ke karatu a Gusau ko Maru ko Ƙauran Namoda suna kallon hotuna a wayoyinsu, suna dawowa hutu da wani sabon ma'aunin kyau. Dukansu bukatarsu ɗaya: kilo biyu ko uku su tafi, kuma su tafi da wuri, kafin Sallah, ko kafin biki, ko kafin ranar komawa wurin likita.

ASALIN GARIN ZAƘI

Sakarin ba baƙo ba ne a duniya. A 1879 ne wani masanin haɗa sinadarai mai suna Constantin Fahlberg ya gano shi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, yana cikin bincike a kan abubuwan da ake tatsa daga kwaltar kwal. An ce ya tashi aiki ne ya zauna cin abinci bai wanke hannu sosai ba, sai ya ji burodinsa ya yi zaƙi. Abin bai bazu cikin jama'a ba sai a lokacin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, sa'ad da sukari ya yi wuya a Turai, watau dalilin da ya kai shi ɗakin girkin Bature shi ne dai ya kawo shi tukunyar mai kunu. Daga baya aka samo waɗansu: saikilamet a 1937, asfatam a 1965, wanda ya fi sukari zaƙi wajen sau 200, da sukuralos a 1976, wanda ya fi shi wajen sau 600. Akwai kuma na tsirrai, kamar sitibiya da ake samu daga wani ganye na ƙasar Faraguwai. Ko a nan Afirka ta Yamma akwai namu: shukar nan ta kurmi wadda mutanen kudu ke ƙunsa alale da ganyenta, 'ya'yanta suna ɗauke da wani abu da ya fi sukari zaƙi fiye da sau dubu biyu, kuma Turawa suna saye suna sarrafawa.

Abin da ya haɗa su duka shi ne harshe yana jin zaƙi amma jiki ba ya samun abinci. Sakarin, alal misali, yadda ya shiga haka yake fita cikin fitsari, jiki bai ɗebi komai a cikinsa ba.

Tsoron da ya fi yawo a wayoyin jama'a game da waɗannan sinadarai shi ne wai suna kawo ciwon daji, kuma tsoron yana da tarihi. A 1969 Amurka ta hana saikilamet bayan wani gwaji da aka yi da ɓeraye, ko da yake ƙasashen Turai da yawa suna amfani da shi har yau. A 1977 wani bincike a Kanada ya nuna ɓerayen da aka ɗura wa sakarin mai yawan gaske suna kamuwa da ciwon daji na mafitsara, har hukumar abinci ta Amurka ta yi niyyar hana shi, amma majalisar dokokin ƙasar ta tsaya a kan a riƙa manna gargaɗi a jikin kaya. Shekaru suka wuce, masana suka gano cewa fitsarin ɓera ya bambanta da na ɗan Adam, kuma hanyar da ciwon ke bi a jikin ɓera ba ta aiki a jikin mutum. A shekarar 2000 aka cire gargaɗin. Sa'an nan a watan Yuli na 2023 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa asfatam a rukunin abubuwan da "mai yiwuwa" suna da alaƙa da ciwon, rukunin da ake ajiye abin da hujjarsa ba ta yi ƙarfi ba. Ruwan ganyen alobera ma yana ciki. A rana ɗaya da wannan sanarwa, kwamitin masana da ke tsayar da ƙa'idar sinadaran abinci ya bar iyakar asfatam yadda take, watau miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini, ya kuma bayyana cewa mai nauyin kilo 70 sai ya sha gwangwanin lemo fiye da 9 zuwa 14 kullum kafin ya tsallake ta. Saboda haka ma'aikacin da ke jefa ƙwaya biyu a shayinsa bai kamata ya hana idonsa barci don tsoron ciwon daji ba. Damuwarsa tana wani wuri dabam.

A ranar 15 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa kada a dogara da waɗannan sinadarai don rage ƙiba. Dalilinta kuwa shi ne, da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, an ga masu shansu sun rage nauyi kaɗan a cikin gajeren lokaci, abin da a matsakaici bai kai kilo ɗaya ba, amma babu shaidar cewa ragin yana ɗorewa. Bugu da ƙari, binciken da ya bi mutane shekara da shekaru, kamar wanda aka yi a Faransa da mutum fiye da dubu 100 aka buga a 2022, ya nuna masu yawan shansu sun fi kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A nan dole a yi adalci. Irin wannan bincike ba ya iya rarrabe ko sinadarin ne ya kawo ciwon, ko kuwa waɗanda da ma ke da ƙiba da alamun ciwo su ne suka fi rugawa su saye shi, kamar yadda ba za a ce asibiti ne ke kawo cuta don an ga marasa lafiya sun cika shi ba. Shi ya sa ita kanta hukumar ta ce shawarar tata mai sharaɗi ce, ta kuma ware masu ciwon sukari daga cikinta. Waɗansu masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun nuna a 2014, suka kuma ƙara nunawa a 2022, cewa sakarin da sukuralos suna iya canza ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanjin mutum, har jikin waɗansu ya rage iya sarrafa sukari. Ana ci gaba da bin wannan batu.

LISSAFIN TEBURIN MAI SHAYI

To, a ɗauki misalin ma'aikacin da ke zama teburin mai shayi safe da yamma, kamar yadda al'adar garuruwan nan take. A ce kowane kofi ana jefa masa ƙwayar sukari biyar, kowace ƙwaya wajen giram 5. Giram 50 ke nan a yini. Da rana kuma ya kora da robar lemo mai rabin lita, wadda idan da zallar sukari aka haɗa ta takan ɗauki wajen giram 50 ita ma. Ya sha giram 100 ke nan, ninki biyu na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum a 2015, watau wajen giram 50, tare da cewa rabin haka ya fi. Kowane giram na sukari yana ba jiki kalori 4, wato ma'aunin ƙarfin abinci, saboda haka mutumin nan yana shan kalori 400 kullum a ruwa kawai. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da wajen kalori 7,700. Idan ya bar wannan sukari baki ɗaya, bai kuma ƙara komai a madadinsa ba, a kan takarda zai yi kusan kwana 19 kafin kilo ɗaya ya tafi, a zahiri ma ya fi haka, domin jiki yakan rage yawan abin da yake ƙonawa idan ya ga an rage masa.

Wannan ragi ba abin rainawa ba ne, amma ba shi ne kilo uku a mako da ake nema ba. Kuma sharaɗin nan na "bai ƙara komai ba" shi ne inda gizo ke saƙa. Mutumin da ya sa ƙwayar zaƙi a shayi yakan ji kamar ya biya bashi, sai ya ce wa mai shayi ya ƙara burodi da bota, a soya taliya da ƙwai uku. Da dare ga tuwo malmala biyu, da ma shi ne babban abin da ke gina tumbin, domin masara da dawa da shinkafa duk sukari suke komawa a cikin jini. Har ila yau harshen da aka saba masa da zaƙi mai tsanani ba ya daina nema. An dai canza masa mai kawowa ne. Wanda ya rage ƙwaya biyar zuwa huɗu, bayan mako biyu zuwa uku, ya yi ta ragewa a hankali, yakan wayi gari shayin da yake sha a da ya gagare shi don zaƙi.

Me ya sa to waɗansu ke rantsuwa sun zubar da kilo uku a kwana bakwai? Ba ƙarya suke yi ba, sikeli ne bai gaya musu abin da ya tafi ba. Jiki yana ajiye wani tanadi na sukari a hanta da tsoka, wajen rabin kilo, kuma kowane giram na wannan tanadi yana riƙe da wajen giram uku na ruwa. Da mutum ya ƙaurace wa tuwo da shinkafa kwana biyu ko uku, sai tanadin ya ƙare, ruwan da ke tare da shi ya bi fitsari, sikeli ya nuna ragin kilo ɗaya da rabi ko biyu. Ranar da ya koma ga akushi, ruwan ya dawo mazauninsa. Musulmi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, domin yana gani kowace shekara: binciken da aka tattara a kan azumin Ramadan ya nuna akasarin mutane sukan rage kilo ɗaya ko ɗaya da rabi a cikin watan, kuma yawancinsa yakan dawo 'yan makonni bayan Sallah.

Mafi haɗari su ne masu son taimaka wa ruwan ya fita. Shayin rage tumbi da ake talla a waya da tashoshin mota, da yawansa ba wani abu ba ne illa ganyen da ke sa zawo, dangin filasko da kakanni suka sani suna kuma shan sa da ƙa'ida don wankin ciki. Mai shan sa kullum yana zubar da ruwa da gishirin jiki ne, musamman sinadarin fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi, kitse kuwa yana nan inda yake. Waɗansu kuma sukan sayi Lasix a kemis, maganin da likita ke ba mai kumburi ko ciwon zuciya don ya yi ta fitsari. An sha kama kayan rage ƙiba da aka rubuta wa "na gargajiya zalla" alhali an ɓoye sibutiramin a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya. Mutanen Bukkuyum sun san abin da zubar ruwa ke yi wa ɗan Adam: a watan Agusta na 2025 cutar amai da gudawa ta ɓarke a garuruwan yankin, ciki har da Nasarawar Burkullu da Gurusu da Adabka, ta kama mutum fiye da 200, ta kashe aƙalla 8. Abin takaici ne mutum mai ilimi ya sa kuɗinsa ya sayo wa kansa ƙaramin irin wannan hali, cikin zafin bazara, ƙodarsa na wahala, don kawai riga ta zauna masa ranar biki.

Ko wanda bai sha komai ba, ya dai matse bakinsa da yunwa, yana da nasa hisabin. Rama ta gaggawa tana cin tsoka tare da kitse, tana kuma haifar da tsakuwa a maɗaciya, musamman idan ragin ya wuce kilo ɗaya da rabi a mako. Abin da likitoci suka yarda da shi shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

YARON DA KE SHAN KUNU

Sai a koma kasuwa, wurin ɗaya mai shan, domin a nan ne asarar ta fi girma. Ma'aikaci mai tumbi idan aka hana jikinsa kalori 100 an yi masa alheri. Amma yaro ɗan shekara uku da uwarsa ta saya wa kunu ko koko da safe, wanda wataƙila shi ne abincinsa har azahar, idan aka ba shi zaƙin da ba abinci a ciki an rage masa ne daga ɗan abin da yake da shi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Jihar Zamfara. A 2024 ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan dubu 100 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, ta tarar ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da tamowa. Ba wanda zai ce sakarin ne ya kawo tamowa. Yunwa da gudun hijira da gonakin da aka bari su ne tushenta. Amma a ƙasar da hali yake haka, kowane cokali na abincin yaro yana da daraja.

Sa'an nan ga batun awo. Kwamitin masana na duniya ya tsayar da iyakar sakarin a miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini, hukumar abinci ta Turai kuma ta ɗaga tata zuwa 9 a 2024. Idan aka bi ta farko, magidanci mai kilo 60 yana da miligiram 300, yaro mai kilo 15 yana da 75 kacal. Ledar zoɓo guda mai zaƙi sosai, idan da zallar sakarin aka zaƙaƙa ta, tana iya cin wajen miligiram 100. Watau leda ɗaya ta isa ta tsallakar da yaron nan iyakarsa. Tsallake iyakar sau ɗaya ko sau biyu ba guba ba ne, domin masu tsayar da ita sukan bar tazara mai faɗi ƙwarai. Amma kamfanin lemo yana da ma'auni, yana rubuta abin da ya zuba a jikin kwalba, hukuma kuma tana iya binsa. Mai kunu da bakin cokali take aunawa, harshenta ne alƙali, kuma yaron yana sha kullum. Ko masu gidajen burodi ba a bar su a baya ba: a watan Agusta na 2024 Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, NAFDAC, ta gargaɗe su cewa ƙa'idar ƙasar nan ba ta yarda a sa sakarin a burodi ba, bayan da aka ga waɗansu suna yi saboda tsadar sukari.

Babban haɗarin ƙullin da ba shi da suna shi ne ba mai tabbacin abin da ke cikinsa. Kano ta ga haka a watan Maris na 2021, sa'ad da mutane suka yi ta cika asibitoci da amai da fitsarin jini bayan sun sha lemon haɗi. Kwamishinan Lafiya na jihar ya sanar daga baya cewa mutum 10 sun rasu, wajen 400 sun kwanta asibiti, waɗansu da ciwon ƙoda. Da NAFDAC ta gwada garin da aka sayar wa masu haɗin da sunan ɗan tsami, sai ta tarar da wani sinadarin masana'antu ne mai guba, haidiroksilamin. Ba sakarin ne ya yi wannan kisa ba, amma a rumfa ɗaya ake sayar da su, farare ne dukansu, kuma da irin buhunan nan ake cika motocin da ke bin kasuwannin ƙauye. Harshe kuwa ba ya iya tsaron mutum. Rumawa na zamanin da sukan dafa ruwan inabi a tukwanen dalma su sami wani maɗi mai daɗi, ba su san gishirin dalma shi ma zaƙi gare shi ba. Mutanen 'Yargalma da Dareta da Abare da Bagega, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400 a 2010, ba sa bukatar a gaya musu abin da dalma ke yi wa yaro.

Bai dace a ɗora laifin duka a kan matan da ke wannan sana'a ba. Da yawansu zawarawa ne ko 'yan gudun hijira, da ribar bokitin kunu suke ciyar da gida, kuma idan suka sa zallar sukari suka ƙara kuɗin leda, mai saye zai wuce gaba. Aikin na duba-gari ne da sashen lafiya na ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka da Gummi: su bi dillalan da ke buɗe buhu suna ƙullawa, su tilasta a sayar da kaya cikin mazubinsa mai lambar rajistar NAFDAC, su kuma tara masu sana'ar a nuna musu iyakar abin da za a zuba a bokiti, da cewa kunun yara ba a sa masa. Mai saye ma yana da 'yan alamu. Sakarin yakan bar ɗaci-ɗaci kamar na ƙarfe a bayan harshe bayan an haɗiye, kuma idan ya zuba a hannu ya bushe ba ya danƙo, saɓanin ruwan sukari.

Masu ciwon sukari su ne waɗanda ƙwayar zaƙi ta kanti ke yi wa amfani na zahiri, domin tana ba su damar shan shayi ba tare da sukarin jininsu ya yi tsalle ba, muddin dai mai rajista ce kuma likitansu ya sani. Kuskuren da ya yi yawa a tsakaninsu shi ne ɗaukar zuma da mazarƙwaila da dabino a matsayin waɗanda ba su da laifi don na gida ne. Zuma tana da darajarta, amma kusan kashi huɗu cikin biyar nata sukari ne, mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne aka dafa ya daskare.

Shi kuma mai son rage tumbi, kayan aikinsa suna gidansa: ruwa a madadin lemo, fura da nono ba sukari kamar yadda Fulani ke sha, malmala ɗaya a wurin biyu, miyar ganye da wake da zogale su yi yawa, da tafiyar rabin sa'a a ƙasa bayan asuba ko bayan la'asar. Ba ya ma bukatar sikeli. Ya sami igiya ya yanka daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa wajen cibiya. Idan bakinta biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya wuce ƙima.

Saura kuma wanda ke ramewa ba tare da ya nema ba. Abokan aiki sukan taya shi murna, su tambaye shi wane shayi yake sha. Idan ramar ta zo da yawan ƙishirwa da yawan tashi fitsari da dare, alamar ciwon sukari ce. Idan ta zo da tari na fiye da mako biyu da gumin dare, sai a nemi tarin fuka. Gwajin sukari ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, ana yin sa da safe kafin a ci komai, a babban asibitin Nasarawa ko na Gummi ko na Anka. Idan ma'aunin ya nuna 126 ko fiye, a koma wata rana a sake, idan ya sake nuna haka a nemi ganin likita a ranar.